Baƙin Katin Babanku da Gonar Badarawa

Ku matso kusa, ɗiyana, ku ji wata magana da na daɗe ina dannewa. Kai Babba, da kai nake fiye da kowa, ko da yake ba na kama sunanka, kuma ba yau zan fara ba. Saratu, ki ajiye zancen kwanukan aure ki saurara. Nura, na san za ka ce Inna ta ɗauko dogon labarinta. Ka yi haƙuri, wannan ba irin na kullum ba ne. Tun kuna ƙanana kuka tashi da magana ɗaya a zuciya, wai Baba Garba, ƙanen babanku, shi ya sayar da gonar Badarawa ya cinye kuɗin marayu. Na ji ta a bakin dangina, na ji ta a bakin maƙwabta, shekaranjiya kuma na ji ta a bakin ɗana na fari, a tsakar gidan nan, da ya ce muddin yana numfashi Baba Garba ba zai ba da auren Saratu ba. Ina tankaɗe lokacin, sai da rariyar ta suɓuce mini. Shi ya sa na zauna zan faɗa muku yadda gonar nan ta fita hannunmu, tun daga farko.

Gonar ta kakanku ce, ita ta faɗo rabon babanku da aka raba gado, Garba kuwa nasa rabon a mota ya saka shi. Ku ba za ku tuna ta sosai ba, sai dai Babba da ya sha hawa tsamiyar da ke tsakiyarta. Gero, dawa, wake a tsakanin kunya, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Babanku akawu ne a sakatariyar Zurmi, mu kuma muna nan Ƙaura, sai ƙarshen mako yake zuwa. Albashi yau a biya gobe a riƙe, amma rumbunmu bai san wannan ba. Duk kaka Garba ne ke ɗauko mana buhunan a tsohuwar farar bas ɗinsa da yake haya tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Ni na sa wa motar nan suna Gwaggo, don sai ta gama tarinta da safe kafin ta tashi, kuma ba ta son a yi mata gaggawa. In ya shigo da buhu a kafaɗa, tun daga zaure zai fara:

"Ina matata ta ajiya? Ga abincinki na kawo, tunda tsohon mijinki biro kaɗai ya iya ɗauka."

"Kai da Gwaggonka," nakan ce masa, "wa zai aure ku? Ta iso da ƙahwarta, ko turo ta kunka yi tun daga Badarawa?"

Haka muke, wasan matar wa da ƙanen miji, babanku yana gefe yana dariya.

Wata shekara albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, iska kuma ta yaye mana kwanon ɗaki tun farkon damina. Sai ga babanku ya dawo da bandir na kwano, da buhunan taki, har da atamfa tawa. Na tsaya ina kallonsa. Ya zaro walat ya nuna mini katuna biyu. Koren na sani, shi ne na albashi. Ɗayan baƙi ne wuluk, da rubutu mai ruwan zinariya. Ya ce ma'aikatan banki ne suka zo har sakatariya suka rarraba wa masu albashi, kowa ya sa hannu ya karɓa.

"Malam, kuɗɗin wa ke ciki?" na tambaye shi.

"Kamar adashi na, Kulu. Kin ga yadda ake ba ki kwasa da wuri in kin matsu, sannan ki ci gaba da zubi? To haka na. Duk wata suna cire ɗan kaɗan cikin albashi. Ba ka ko jin shi."

Ni kuwa adashi na sani kamar tafin hannuna. Abin da ka kwasa shi kake mayarwa, ba daɗi ba ragi. Hankalina ya kwanta. Kuma ina rantsuwa da Allah shi ma haka ya fahimta. Mutumin da ko goro ya ci bashi ba ya barci sai ya biya, da ya san abin da ke cikin katin nan da ko da sanda ba zai taɓa shi ba. Da shi aka sayi ragon layya shekara biyu, da shi aka biya kuɗin makarantar Babba, da shi aka sayi magani lokacin da ciwon sukari ya fara kayar da shi. Duk wata saƙo ya shigo wayarsa an cire ɗan abu, ya ce alhamdu lillahi, zubi ya tafi.

Ranar da ya rasu, a ƙofar gidan nan aka yi masa salla. Mu mata muna ciki, amma kun san kunnena, kuma bangon zaure ba kauri gare shi ba. Kafin a tayar da kabbara sai na ji liman ya ɗaga murya, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a garin nan, don kada a binne mutum da nauyin wani a wuyansa:

"Jama'a, ga Malam Isah. Wanda ke bin shi bashi shi yi magana. Wa zai ɗauke mashi?"

Ko numfashi ba a ja ba na ji muryar Garba, ta dushe don kuka, amma ta fita sarai:

"Ni na. Duk wanda ke bin yayana ko kwabo, daga yau Garba yake bi."

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni ma daga ciki na sa masa. Kun san yadda al'adar take, ba a cewa nawa ne. Wanda ya tsaya gaban gawar ɗan'uwansa ya ce a faɗa masa adadi tukuna, ya gama zubar da mutuncinsa. Kuma me za a bi Malam? Mai nama na bakin kasuwa ya zo, Garba ya biya shi. Mai taki ya zo, ya biya shi. Tela ya zo ya ce shi ya yafe, ya zo ne kawai a shaida. Muka ce shi ke nan, Malam ya kwanta da sauƙi.

Na shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, ba doguwar magana da maza. Wayar babanku tana hannuna, na kasa kashe ta. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki ta fara ƙara. Muryar wata yarinya ce, mai zaƙi, Hausarta ba ta nan ba ce, irin ta masu cewa "ne" da "ce" a ƙarshen kowace magana.

"Da Malam Isah nake magana?"

"Allah ya yi mashi rasuwa, 'yar nan."

"Ayya, Allah ya jiƙansa. To Hajiya, yaushe ne za a biya?"

Na cire wayar daga kunne na dube ta. Na zaci ban ji daidai ba. Na ce a biya me? Ta ce kuɗin kati. Na ce ai ana cirewa a albashi. Ta ce albashi ya tsaya, shi ya sa take kira. Washegari wani namiji ya kira, jibi wata daban, kowa sai ya fara da tambayar Malam Isah, kowa sai na sake kashe masa shi da bakina.  Na aika aka gaya wa Garba. Ya zo ya tsaya daga zaure, ya yi sallama a hankali. Tun ranar rasuwar bai ƙara ce mini matata ba.

"Yaya Kulu, ki kashe wayag ga. Maganar bashi tawa ta, ba taki ba. Ki ji da addu'a."

Na kashe. Abin da ya biyo baya, a bakin matarsa Balaraba na ji shi, kuma sai da aka makara. Wasu samari biyu masu ɗamarar wuya suka zo unguwar nan daga Gusau suna tambayar gidan Malam Isah. Mai shagon bakin layi, da zuciya ɗaya, ya ce musu matarsa tana takaba, amma ai ƙanensa ya ɗauki bashin gaban jama'a, ku je tasha ku tambayi Garba mai Gwaggo. Suka same shi ana lodi, 'yan kamasho da fasinja da direbobi duk suna wurin. Ɗayan ya ɗaga murya ya ce, kai ne ka ce ka ɗauki bashin marigayi? Ku gaya mini, gaban tasha guda, me zai ce? Ya ce shi ne. Suka ce to sa hannu a nan, shaida ce kawai. Ya ɗora takardar a kan bonet ɗin Gwaggo ya sa hannu. Bai tambayi nawa ba. Ya ɗauka in ya tambaya kamar ya janye maganar da ya yi gaban gawa ne. Sai da ya mayar musu da biro suka faɗa masa adadin. Balaraba ta ce da ya dawo gida ya zauna bakin rijiya da takalmansa, har la'asar bai ce a ba shi ruwa ba.

Abin da babanku ya ɗauka gaba ɗaya, in an tara, bai wuce kuɗin bijimai biyu ba. Abin da suka ce ana binsa ya kusa kuɗin motar Garba. Da Balaraba ta faɗa mini, na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce ƙarya ne, wani Isah ɗin ne, ai ba shi kaɗai ke da sunan ba a sakatariya. Na tashi zan ɗauko mayafi, sai na tuna ba ni da ikon taka ƙofar gida. Na koma na zauna a kan turmi.

Garba ya yi abin da kowane ɗan garin nan zai yi. Ya ɗauki liman da mai unguwa a Gwaggo suka tafi banki neman alfarma, a yafe ruwan a karɓi uwar kuɗi, tunda mai shi ya mutu kuma ya bar marayu. Manaja ya karɓe su da mutunci, har lemo ya sa aka kawo musu. Da liman ya gama jawo ayoyi, sai manajan ya ce wallahi ya ji, amma maganar ta bar hannunsa, an miƙa bashin ga wani kamfani mai karɓar basussuka. Mai unguwa da kansa ya zo zaure ya ba ni labari.

"Kulu, ni dai na tsuhwa ban taɓa ji ba. Wai sun sai da bashin."

"Sun sai da mi, Baba?"

"Bashin. Kamar yadda za ki sai da akuya. Wani ya saye, yanzu shi ke bi."

Na riƙe baki. Har yau in na tuna sai in ji abin kamar a mafarki. A ce bashin da ke wuyan mamaci ya zama haja, ana ciniki a kansa, wanda bai taɓa ganin fuskar Malam ba, bai san ko fari ne ko baƙi ba, shi ne yanzu yake riƙe da shi a kabari.

Sammaci ya zo wa Garba daga kotu a Gusau. Bai gaya mini ba, bai kuma je ba. A tunaninsa tunda manya sun shiga maganar, kuma yana ta tara abin da zai kai, ba sai an tsaya gaban alƙali ba. Ranar zaman ma kasuwar Shinkafi ke ci, ranar da yake samun na cefanen mako. Bai san in ba ka je ba ana yanke hukunci babu kai ba. Ina cikin kwanakin ƙarshe na takaba Balaraba ta faɗo gidan nan ba ko sallama, ɗankwali a hannu.

"Yaya, sun ɗauke Gwaggo!"

Ma'aikatan kotu ne da ɗan sanda suka zo tasha. Mota ta cika, har an ɗaure kaya a sama. Suka ce kowa ya sauka. Tsofaffi da kajinsu, mata da goyo, duk aka zube su ƙasa. Suka liƙa takarda a gilashi, suka karɓi makulli. Ita kuwa Gwaggo ta ƙi tashi. Suka murɗa, ta yi tari, ta yi shiru. Sai da Garba da kansa ya shiga ya lallaɓa ta ta tashi, ya fito ya ba su wuri. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk labarin. Mutum mai 'ya'ya cike da gida, da tsohuwar uwar matarsa a hannunsa, ba gona, ba shago, ba komai sai motar nan, shi ya tayar musu da ita.

Ranar da na fita takaba, maimakon in zaga dangi godiya kamar yadda ake yi, gidan uwar adashinmu na nufa. 'Yarta Hadiza lauya ce a Gusau, na goya ta tana jaririya. Ta sa aka kawo mata takardun, ta karanta tana girgiza kai. Na ce ta yi mini bayani da Hausar da zan gane, ta bar ta makaranta.

"Inna Kulu, ba adashi ba ne. Ɗan abin da ake cire wa marigayi duk wata bai taɓa uwar kuɗin ba, ruwan da ya taru a kai kawai yake sharewa. Da albashi ya tsaya, ruwan ya fara haifar wani ruwan, ga tara a kai, ga kuɗin lauyoyinsu."

"To duk shekarun nan da yake cewa zubi ya tahi?"

"Bai tafi ko'ina ba, Inna."

Na yi salati. Ta bari na natsu, sannan ta faɗi wadda ta fi. Ta ce maganar da Garba ya yi gaban gawa, a wurin waccan kotun ba komai ba ce. Da bai sa hannu ba, ba su da hanya a kansa ko ta allura, sai dai su bi abin da mamaci ya bari. Amma da ya sa hannu ya zama mai tsaya wa bashin, suna da zaɓi, kuma mota ta fi gona saurin sayarwa. Ta ce za ta roƙi kotu a dakatar da gwanjon motar, a ba da lokacin sulhu. In aka zo da kuɗi a dunƙule, irin waɗannan kamfanoni sukan sauko, su yafe wani abu daga ruwan.

Na je kotun. Ni da ban san Gusau ba sai asibiti. Aka zaunar da mu a benci, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Garba yana can gefe, rigarsa ta yi masa yawa. Sai wani ma'aikaci ya miƙe ya kira shari'a, na ji ya ƙwala sunan babanku, cikakke, har da na kakanku. Ya ɗago yana dube-dube, ya sake ƙwalawa. Wallahi sai da na waiga ƙofa. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Yana maƙabartar Ƙaura!" ba.  Hadiza ta dafa ni. Alƙalin ya dube ni ta saman tabarau, bai yi faɗa ba, ya ce a rubuta marigayi. Aka yi ta Turanci, ban tsinci komai ba. A waje Hadiza ta ce an ba mu zuwa bayan kaka. In an kawo abin da aka daidaita a kai, a saki mota, in ba a kawo ba a buga mata ƙararrawar gwanjo.

Muka hau motar dawowa. Lissafi ɗaya nake yi. In na yi shiru, gona tana nan, ku ci ku sha, ba wanda zai zarge ni, don Garba da bakinsa ya ɗauka. Dangina ma haka suka ce. Yayata ta zo takanas daga Katuru ta ce, ke Kulu, ki kama bakinki, namiji ya yi magana gaban maza, ki bar shi da abinsa. Amma kwanon da ke kaina ina kwana a ƙarƙashinsa da katin nan aka saye shi. Naman layyar nan mu muka ci. Garba ko tsinke bai gani ba. Na je wurin liman na tambaye shi abu ɗaya: gonar nan ta marayu ce ko ta mamaci? Ya ce ba a raba gado sai an biya bashi. Kafin nan ba ta kowa ba ce. Ya ce shi a wurinsa uwar kuɗin ce kawai a wuyan Malam, ruwan zalunci ne, amma ba shi ke riƙe da makullin motar ba.

Na aika Garba ya zo. Wannan karon na ce ya shigo tsakar gida, na shimfiɗa masa tabarma.

"Garba, gonar Badarawa za a sayar."

Ya ɗago kamar na watsa masa ruwan zafi. "Wace gona? Ta ɗiyan yayana? Ba da ni ba."

"Ba shawara nike nema ba. Hwaɗa maka nike."

"Yaya Kulu, gaban gawa niy yi magana. Gari duka ya ji. In koma in ce a sai da gonar marayu don a hid da motata? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Da wanda kaka shiga da shi kullum. Ɗiyanka mi za su ci? Takardar kotu?"

"Allah na nan."

"Shina nan, kuma shi yac ce a biya bashi kahin gado. Kai ka hi shi sanin marayu?"

 Na ce masa in bai je ba, ni zan hau mota in tafi Badarawa in tsaya gaban mai gari in yi cinikin da bakina, mace, a ce gidan su Malam Isah ba sauran namiji. Na san inda zan taɓa shi ke nan. Ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Da ya buɗe baki, abin da ya fito ban taɓa zato ba.

"To da sharaɗi. Yaran nan ba za su ji ubansu ya mutu da kuɗɗin ruwa a wuya ba. Malam na, mutane na ganin girmanshi. Kada su tashi suna jin kunyar sunanshi."

"In sun tambayi ina gona hwa?"

"Ki ce Garba ya sayar."

"Za su ce ka ci."

"Su ce. Ni ina da rai, ina iya ɗauka. Shi ba ya iyawa."

Na dube shi, wannan mai shegen surutun da ban taɓa ɗaukar maganarsa da nauyi ba. Na yi masa alkawari.

Bayan an cire amfanin shekarar aka sayar. Shi ya je, shi ya tsaya gaban mai gari da shaidu, shi aka gani yana ƙirga kuɗi, shi ya sa duk Badarawa suka shaida Garba ya sayar da gonar marayu. Ba wanda ya bi shi Gusau ya ga inda ya kai su. Hadiza ce kaɗai, ita ta karɓo takardar da ke cewa an gama, ba a bin kowa komai. Ɗan abin da ya saura ya kawo mini a ƙulle a leda, da shi na sayi injin markaɗen da ya rufa mana asiri har kuka girma. Katin kuwa, na sa shi a murhu. Wari ya yi kamar an ƙona takalmi. Buhunan ƙarshe na gonar, Gwaggo ce ta kawo su, bayan an sake ta da kwana kaɗan. Ya sauke a zaure, bai kira matata ba, ban tambayi ko turo ta aka yi ba.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani. Mutane suka ga mota ta dawo, gona ta tafi, suka haɗa ɗaya da ɗaya. Kai Babba kana sakandare wani ya gaya maka a bakin masallaci, ka dawo ka tambaye ni, na ce Baba Garba ya sayar, ban ƙara ba. Daga ranar ka daina zuwa gaishe shi. Da salla in ya aiko muku da ɗinki, kai sai ka ƙi sawa. Ranar da ka samu aiki ya zo har ƙofar gida yi maka murna, ka fita ta gabansa da mashin kamar ba ka ga mutum ba. Ina leƙe ta labule. Ya juyo ya hango ni, ya ɗora yatsa a baki. Duk shekara in na ce masa zan faɗa, sai ya ce, Yaya Kulu, alkawari. Buhun geron da kuke gani yana zuwa duk kaka, kuna cewa daga dangina na Katuru ne, ku tambayi dangina ko sun taɓa aiko mana da ko tiya ɗaya.

Yau na karya alkawarin, kuma zan je da ƙafata in gaya masa na karya. Babanku bai yi abin kunya ba. An miƙa masa abu an ce sa hannu, ya auna shi da ma'aunin da ya sani, ya ciyar da ku da shi. In akwai wanda ya sayar da gonarku, ni ce, kuma ko yau aka dawo da ni wancan tsakar gidan haka zan sake yi. Garba yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar tuƙi, Gwaggo tana bayan gidansa kaji suna ƙwai a cikinta. Jiya Balaraba ta ce mini ya sa an wanke masa babbar rigarsa an kai wa mai guga, bai ce don me ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar Juma'a za a taru ɗaurin auren Saratu a ƙofar gidan nan, daidai inda aka ajiye babanku, daidai inda aka ce wa zai ɗauke masa. Liman zai sake ɗaga murya, wannan karon ya ce ina waliyyin amarya. Ni ina ciki, bayan bangon zaure, ina saurare. Kai Babba, wa za ka nuna masa?